Harafin Y

Shekara shida ina ɗaga takardu da farar safar hannu,
ɗaya bayan ɗaya, ƙarƙashin fitilar na'ura,
a wani ɗaki mai sanyi bayan Ƙofar Marke.
Gara ta ci gefensu, tawada ta koma launin shayi.
Ni Shafa'atu, aikina ke nan: in ɗauki hoto,
in sa lamba, in tura sama
inda ɗalibi a Ƙwanni ko Kartum zai buɗe ya karanta.

Gafakar da ta zo daga Yabo na sa mata Y.
Ita ce ta tara a kan kanta, warƙa goma sha huɗu.
Y/9/14. Maganin ciwon saifa ne a ciki
da rabon gadon wata fadama.

Ran Talata muryar ta fito,
minti huɗu da 'yan daƙiƙoƙi,
wani marar suna yana haki kamar an biyo shi:
Jama'a, Y yaro ne. Tara shekarunsa. Sha huɗu farashi.
Ka latsa sau uku, wata ƙofa za ta buɗe.
Ku tura don Allah, kada ya mutu a hannunku.

Bai mutu ba.
Kafin la'asar ya ci Mabera, ya tsallaka Runjin Sambo,
ya faɗo zauren matan unguwa da jan zobe a kan sunana.
Har gwaggona Tumba ta turo mani,
ta ce, ba wai na yarda ba, amma dai ki gani.

Ɗan kabu-kabu ya dube ni, ya ce ba can za shi ba.
Mai niƙa ta ture roba ta da ƙafa.
Muntaƙa ya dawo makaranta aljihun riga a yage,
ya ci tuwo bai ɗago kai ba,
sai da na kashe fitila ya ce,
Inna, ni lamba ta nawa?

Na kira dattawa biyar, na kunna musu kwamfuta.
Malam Ladan ya latsa da kansa,
sau uku, sau bakwai, har yatsa ya gaji.
Saifa dai, da fadama.
Ya gyara tabarau, ya ce, awo,
ai sun ji muna tahe, sunka goge.
Nan na san rijiyar ba ta da gindi:
in an gani, shaida ne,
in ba a gani ba, shaida ya ƙaru.

Ban ce tsoronsu ƙarya ba ne.
Ni ma uwa ce, na san abin da ke hana barci.
Sai dai gida uku daga namu akwai Luba,
aku ce da, ba a jin kunne in tana tsakar gida.
Tun bayan Sallah ta yi shiru.
In an aike ta sai ta zagaya ta bayan masallaci
don kada ta bi ta gaban wani shago
da kowa ke gaida mai shi da rusunawa.
Ba lamba a goshinta. Ba a latsa komai.
Ba wanda ya yi mata murya ta minti huɗu.

Daren Alhamis na ɗauki mayafi na je wurin uwarta.
Ta daɗe tana kallona kafin ta shimfiɗa tabarma.
Abin da muka faɗa ba na waya ba ne.

An rufe ɗakinmu, wai na ɗan lokaci.
Makullin na hannun maigadi, shi ma tsoro yake ji.
Gara kuwa ba ta da waya, ba ta ji labari ba,
tana can kan warƙa ta goma sha huɗu
tana cin sunan mai fadamar, harafi harafi.